Saura Ɗinki Uku

Wannan shi ne jawabin da na yi a majami'a ranar da muka taru don tunawa da Baba Mai Takalmi, wata guda bayan an binne shi. An ce in sake rubuta shi a rarraba, sai na zauna na kwafe shi da hannuna, na haɗa da abin da ya fito daga bakina a ƙarshe, wanda ba ya cikin takardar da na riƙe. Ni ce wadda kuke kira Uwar Direba.

Babanmu Fasto, dattawan ikilisiya, Mama matar marigayi, Hedimasta babban ɗansa, da ƙannensa mata da jikoki, shugabar mata, shugabar mawaƙa, abokan sana'ar Baba da kuka rufe rumfunanku kuka zo, maƙwabtanmu da ba hanyarmu ɗaya ba amma ga ku zaune a cikinmu, da ku da kuka rasa wurin zama kuke tsaye a baya, salamar Ubangiji Yesu ta kasance tare da ku duka. Ina kuma gaishe da mutum ɗaya da yake zaune a waje, a ƙarƙashin waccan tagar, don na san yana jina.

Ku yi haƙuri da abin da kuke gani a fuskata. Rabi tsoro ne, rabi murna. Na san rasuwa ce ta tara mu, na kuma yi kukana har idona ya kumbura, amma tun safe na kasa zama wuri ɗaya, kuma gara in faɗa muku dalili tun yanzu, don in na ce zan ɓoye har ƙarshe zan rikice. Ɗana, ɗan farina, wanda kuka sani da Direba, wanda shekara bakwai da suka wuce ya bi ta kan rumfar Baba da mota yana cikin maye, yau da safe ya tsallako titi. Shekara biyu tun da ya fito daga kurkuku bai taɓa wuce falwayar lantarkin da take tsallaken can ba. Yau ya tsallako. Yana kan bencin Baba, ƙafarsa ta dama da takalmi, ta hagu babu. Warin takalmin yana nan cikin jakata. Ko zai shigo ɗakin nan yau ko ba zai shigo ba, wannan ba a hannuna yake ba, kuma zan zo kansa. Amma bari in fara da Baba, domin shi muka taru.

Ya kasance mai gyaran takalmi, kuma bai taɓa so a kira shi da wani abu da ya wuce haka ba. Sau biyu aka so a naɗa shi dattijon ikilisiya ya ƙi, ya ce dattawa a gaba suke zama, shi kuwa aikinsa a waje yake. Mu da muka daɗe a ikilisiyar nan mun san shi da akwatinsa na katako, da basilla, da zare, da dunƙulen kakin da yake goga wa zaren, da wannan dogon bencin da yake ajiyewa a ƙarƙashin taga kowace Lahadi. Shekara talatin da ɗaya ana sujada a nan, Baba yana waje.

Ya kasance mutumin da ba ya fara kallon fuska. Ƙafa yake kallo. Mu in muka ga baƙo a bakin ƙofar majami'a, tufafinsa muke dubawa, mu shinshina, mu tambayi juna ɗan gidan wa ne. Baba kuwa yakan ga ƙafar da ta zo har bakin ƙofa ta tsaya, ta yi gaba taki ɗaya ta yi baya taki biyu, ya san mai ita yana son shiga amma kunya ta riƙe shi. Sai ya ce, “Ɗan'uwa, dunduniyar nan ta kusa rabuwa da kai, kawo in gani.” Kafin mutum ya buɗe baki Baba ya durƙusa ya zare takalmin. Kuma wari ɗaya yake ɗauka, na hagu. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba ya karɓar biyun. Ya ce mutum yana iya gudu ba takalmi, amma da wari ɗaya ba ya son a gan shi a titi yana ɗingishi, sai ya zauna.

To, sai baƙo ya zauna a kan benci, daidai inda muryar Fasto take fitowa ta taga. Baba ya fara ɗinki. Jama'a, mun san hannun Baba a rumfarsa ta kasuwa, kafin ka gama gaisawa da maƙwabcinsa ya gama maka aiki. Amma ran Lahadi sai ya zama kamar jiya ya fara koyo. Ya sa zare ya cire, ya goga kaki, ya ɗaga takalmin sama ya duba, ya girgiza kai. Duk lokacin da baƙon ya motsa zai tashi, sai Baba ya ce, “Yi haƙuri, saura ɗinki uku.” Wannan ɗinki ukun ba ya ƙarewa sai an yi addu'ar rufewa. Sannan ya miƙa masa takalmin ya ce na wucin gadi ne ya yi, ya dawo mako mai zuwa a ƙarasa. Idan mutumin ya dawo, sai ya tarar bencin ya matsa taki ɗaya zuwa ƙofa. Mako na gaba, wani takin. Daga taga zuwa ƙofa taki tara ne, ni na ƙirga da ƙafata. Ranar da bencin ya kai bakin ƙofa, Baba yakan yi ɗinki ukun nan da gaske, ya datse zaren, ya sa wa mutum takalmin da hannunsa, ya ce masa, “Yanzu kam zai kai ka ciki.” Sai ya ja bencinsa ya mayar ƙarƙashin taga, ya jira na gaba.

Ina roƙon alfarma. Duk wanda ya taɓa zama a kan bencin nan da ƙafa ɗaya ba takalmi, ya ɗaga hannu. Kada ku ji kunya, ga nawa a sama. Ku ɗaga sosai. Fasto, juya ka gani. Mama, juyo ki ga abin da mijinki ya ɗinka. Har da cikin dattawa, har da mai kaɗa mana ganga. Ban iya ƙirga su daga nan ba, amma sun fi layi uku. To, ku sauke, na gode.

Ba kowa ne ya so wannan aikin ba, kuma gaskiya za mu faɗa a gaban Allah. Akwai shekarar da aka kira Baba gaban dattawa, aka ce yana sana'a a ranar Ubangiji. Ya ce ai sana'a da sauri ake yin ta, duk wanda ya ga yadda yake ɗinki ran Lahadi ba zai kira shi aiki ba. Aka ce kuma an gan shi yana warware takalmin da lafiyarsa ƙalau don ya sami abin ɗinkewa, wannan ba ruɗi ba ne? Baba ya sunkuyar da kai ya ce wannan kam ya yi, ba sau ɗaya ba, kuma ya kai ƙarar kansa wurin Ubangiji, amma har yanzu ba a aiko masa da sammaci ba. Sannan ya faɗi maganar da ta kashe bakin kowa. Ya ce, “Ni dai abin da na ji ta tagar nan shi ne, Yesu bai zauna a ciki yana jiranmu ba. Fitowa ya yi.”

Kuma ku da kuke ƙorafi Fasto yana tsawaita wa'azi, yau zan tona asiri. Ba laifinsa ba ne shi kaɗai. Sau nawa Baba ya tare shi bayan sujada ya ce, Fasto, yau ka yi mini gajere, ban gama da mutumina ba. Akwai Lahadin da Fasto ya ce “a ƙarshe” har sau huɗu, cikin kowa yana ta kukan yunwa, yara suna ta mutsu-mutsu. Ashe Baba ne a taga yake ɗaga masa basilla, wai ya ƙara. Fasto, ko na yi ƙarya? Kun gani, dariya yake yi.

Cikin masu ƙorafi a kan bencin nan har da ni, kuma ni ce mai babbar murya. A lokacin ina cikin masu tarbar mutane a ƙofa, ina da fararen kaya da ɗankwali mai guga, ina ganin ƙofar nan tawa ce. Wata Lahadi wata mata ta zo, kowa ya san giya take sayarwa a bayan tasha. Ta sa ƙafa za ta shiga, na sa hannu na tare. Na dube ta sama da ƙasa na ce ta je ta wanke warin da yake jikinta tukuna, nan ba wurin sana'arta ba ne. Ta juya ta kama hanya. Ba ta kai bakin titi ba Baba ya riga ya kama silifarta. Silifa fa, ta roba, wadda babu abin ɗinkewa a jikinta. Sai da ya yi wata biyu yana gyaran silifar nan. Wannan matar ita ce shugabar mawaƙanmu a yau, wadda ta sa mu kuka da muryarta ɗazu. Yaya, na roƙe ki gafara a ɗaki tun tuni kin yafe, amma a bainar jama'a na wulaƙanta ki, a bainar jama'a nake sake roƙo. Na gode. Allah ya saka miki.

Yanzu zan zo wurin da yake da wuyar faɗa, kuma iyalin Baba ku yi mini haƙuri in taɓa mikin.

Ranar Alhamis ce, da la'asar. Ɗana yana tuƙa motar ɗaukar kaya, ya sha ya bugu, ya shigo layin kasuwa da gudu. Motar ta ƙwace ta hau kan rumfar Baba. Ƙafarsa ta karye wuri biyu, hannunsa na dama ya murƙushe, yatsu biyu ba su sake lanƙwasuwa ba har ya koma ga Ubangiji. Hedimasta ne ya iso da farko, shi ya ɗaga kwanon rufin da hannunsa ya jawo mahaifinsa daga ƙarƙashi, rigarsa ta makaranta duk jini. A bakin kotu, ranar da aka yanke wa ɗana shekara biyar, Hedimasta ya tsaya a gabana ya ce muddin yana da rai, Direba ba zai taka inda iyalinsu suke ba. Ban ga laifinsa ba a ranar, ban ga laifinsa ba yau. Da ubana ne, da abin da zan faɗa ya fi haka.

Na koma gida na rufe ƙofa. Ni da nake tare wa mutane ƙofar majami'a, sai ga shi ko kasuwa ba na iya zuwa sai na lulluɓe fuska. Wata bakwai ban taka nan ba. Ba na cin abinci sosai, ina ta tunanin ko yaron nan yana da bargo, ko ana dukansa, ko ciwon ƙirjinsa na yarinta ya tashi. Ran nan da hantsi ina zaune a tsakar gida ina tsince shinkafa, sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda a zaure. Na ɗaga kai, Baba ne, ya rame, yana dogara sanda, hannunsa a naɗe. Farantin ya suɓuce mini, shinkafa ta watse, kaji suka yi ca a kai. Na faɗi ƙasa na kama ƙafarsa mai lafiya ina kuka.

Kun san abin da ya yi? Bai yi mini wa'azi ba. Bai ma ce ya yafe ba. Ya ce in kori kajin nan kafin su cinye mini abincin rana. Ina korar kaji, shi kuwa ya sa kan sandarsa ya jawo warin takalmina na zuwa sujada daga bakin ɗaki, na hagu, ya jefa a jakarsa. Ya ce, “Uwar Direba, wannan ya buɗe baki. Ki zo ran Lahadi ki karɓa.” Ya juya, ƙwas, ƙwas, ya fita. Takalmin nan sau uku kawai na taɓa sa shi.

Na zo. Na zo a makare, bayan kowa ya shiga, na zauna a kan bencin da na sha cewa a ɗauke. Ranar na gani da idona abin da ɗana ya yi wa hannun Baba. Da can Baba da gangan yake jinkiri, yanzu kuwa jinkirin ya zama na gaske. Yana riƙe basilla da yatsu uku, ta suɓuce, ya ɗauka, ya ja zaren da haƙori. Na ce ya bari, don Allah ya bari. Ya yi dariya ya ce ai Direba taimakonsa ya yi, yanzu dattawa ba za su sake cewa yana ruɗin mutane ba. Da aka fito daga sujada na so in gudu, to ƙafa ɗaya ba takalmi. Mutum na farko da ya zo ya zauna kusa da ni ya riƙe hannuna, shugabar mawaƙa ce.

A kan bencin nan na koyi karatu, ina da shekara hamsin da biyu. Dalili kuwa wasiƙa ce. Ɗana ya aiko mini da ita daga kurkuku, na ƙulle ta a bakin zane ina yawo da ita. Na kasa ba kowa ya karanta mini, don ina tsoron abin da yake ciki, ina kuma tsoron kafin rana ta faɗi unguwa duka ta ji. Baba ya lura kullum hannuna yana kan ƙullin. Da na faɗa masa, na ce shi ma ba zan ba shi ba, sai ya ce daidai ne, maganar ɗa da uwarsa ce. Ya ɗauko kwalin da yake zana ƙafar mutane a kai kafin ya yanka fata, ya juya bayansa, ya rubuta mini baƙi na farko da wannan hannun nasa. Haka muka yi ta yi kowace Lahadi bayan sujada. Littafina na farko duk sawun ƙafafun mutane ne a ɗaya gefen. Ina mantawa, yana maimaitawa. In na ce kaina ya tsufa, sai ya ce tsohuwar fata ta fi riƙe ɗinki, in ci gaba.

Wata goma sha ɗaya na yi kafin in kwance ƙullin nan. Na shiga ɗaki na rufe, na bi layin farko da yatsa, baƙi bayan baƙi. Abin da yake rubuce shi ne: “Mama, Baba yana da rai?” Kusan shekara guda yaron nan yana jiran amsar wannan tambayar, ni kuwa ina yawo da ita a bakin zane. Na fita da gudu ko mayafi ban ɗauka ba, har sabuwar rumfar Baba. Ya saurara, ya share ido da bayan hannu. Sannan ya ba ni fensir ya ce in rubuta da kaina: yana da rai, yana cin abinci fiye da da, kuma yana jiransa. Wannan ce wasiƙar farko da na rubuta a duniya. Layi uku, na yi wuni guda a kanta.

Baba ya kasance mai zuwa inda ba a gayyace shi ba. Sau uku ya hau mota da karyayyar ƙafar nan ya tafi kurkuku, sau uku gandiroba ya dawo ya ce masa fursunan ya ƙi fitowa. Baba ya dawo yana cewa ba komai, aƙalla ya ga ƙofar.

Da ɗana ya fito, ya fito wani mutum dabam. Bai sake kai kwalba bakinsa ba. Ya ƙi taɓa sitiyari, wankin motoci yake yi, ya wanke ya miƙa wa mai ita mabuɗi, ko matsar da ita ba ya yi. Kowace Lahadi yakan rako ni, ya riƙe mini jaka, amma da mun iso falwayar can sai ya tsaya cak. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka, na yi azumi. Ya ce, “Mama, zan iya tsayawa gaban alƙali sau goma. Hannun nan ne ba zan iya kallo ba.”

Baba kuwa yana hango ƙafafunsa daga kan benci. Wata rana ya kira ni gefe ya ce, tunda shi ba zai iya tsallaka titi da sauri ya kamo ƙafar ba, ni zan yi masa aikin. In sato masa warin takalmin Direba, na hagu. Jama'a, na tsufa ban taɓa ɗaukar abin wani ba, sai da mutumin Allah ya aike ni. Na jira ya shiga wanka na ɗauke na cusa a buhun gawayi. Ya fito ya duba ƙarƙashin gado, ya duba bayan randa, ya zargi karen maƙwabta, har ya je ya leƙa ramin da karen yake kwana. Ina zaune ina ta dama koko kamar ban san komai ba. Can sai ya tsaya, ya dube ni, ya ce, “Na hagu ne ko, Mama?” Na ce na hagu ne. Ya ɗauki na daman ya goge shi ya ajiye a kan taga.

Wata goma sha huɗu takalmin nan yana wurin Baba. Kowace Lahadi yakan fito da shi ya ɗaga sama wajen falwaya, ya nuna wurin zama a kusa da shi. Kowace Lahadi ɗana yakan sunkuyar da kai. Ni kuma ina ciki, jikina a kan kujera, idona a taga. Ina ta cewa mako mai zuwa, mako mai zuwa, har ciwo ya kwantar da Baba, har Ubangiji ya kira shi. Ranar da aka faɗa wa ɗana, ya zauna a ƙasa a wurin wankin motoci, cikin ruwan kumfa, ya ce ya makara. Ni ma na ɗauka an makara. Na ce mai riƙe masa takalmi ya tafi, wa zai sake fita waje saboda shi?

Shekaranjiya Mama ta aiko a kira ni. Na je. Ta fito da wannan warin takalmin ɗana. Ku duba. Ga basillar Baba a soke a jiki, ga zaren yana reto. Ta ce kwana biyu kafin ya cika ya sa an kawo masa akwatinsa kan gado, ya yi ta fama da takalmin nan har ya kai inda ya kai, ya tsaya. Ta ce masa ya ƙarasa mana. Ya ce a'a, saura ɗinki uku, kuma ba nasa ba ne, Hedimasta ya iya. Mama ta ce sau biyu ta ɗauko maganar za ta faɗa wa ɗanta, kuka ya hana ta, don haka ni zan faɗa, a nan, kuma ita ta roƙi Fasto a ba ni wannan jawabin. Na koma gida na faɗa wa ɗana duk yadda aka yi. Yau da safe na ga ya ɗauko na daman daga kan taga ya sa. Haka ya biyo ni, ƙafa ɗaya a takalmi ɗaya a ƙasa, mutane suna kallonsa a titi. Muka iso falwaya, na ƙi juyawa don kada in gani. Sai na ji takunsa a bayana, a kan kwalta.

Mama, na isar da saƙonki. Allah ya ba ki haƙurin zaman ɗakin da babu ƙarar gudumarsa. 'Yan matan Baba, ubanku bai bar muku gidaje ba, amma kun ga hannuwan da aka ɗaga ɗazu, duk gidan da kuka ƙwanƙwasa a cikinsu naku ne. Jikoki, ku riƙe akwatin nan, kada a bar shi ya yi tsatsa.

Hedimasta, saura kai. Ƙanena, ban kawo takalmin nan don in ɗaure ka a gaban mutane ba, Allah ya sani. Kai ka ɗaga kwanon rufin, kai ka ga abin da mu ba mu gani ba, kai ka yi ta ɗaukar mahaifinka zuwa bayan gida wata da watanni. Ɗana bai cancanci komai a wurinka ba, ni ma ban cancanci benci ba ranar da aka zaunar da ni. Ya aiko ni in ce maka ya yi laifi, ba shi da hujja, kuma ba zai taka ɗakin nan ba sai da izininka, don ya ji abin da ka faɗa a bakin kotu kuma ya ce gaskiyarka ce. In ka zauna a inda kake, ba wanda zai ga baƙinka, duk wanda ya yi gunaguni ni zan fara tsawata masa. Zan ajiye takalmin a nan kan tebur, in na gama in fita in zauna da ɗana a waje, mu ji sauran ta taga. Wurin ba baƙona ba ne.

A nan takardata ta ƙare, sai godiya da addu'a. Ina gode wa Fasto da dattawa da suka ba ni wuri, ina gode wa matan da suka share ɗakin nan tun da sassafe, ina gode wa...

Ku dakata. Ya tashi. Hedimasta ya tashi.

Ga shi, ƙanena, ga shi. Basillar tana jiki. Kaki? Mama, wai yana tambaya ina kakin. Yana cikin akwati, akwatin yana ƙarƙashin benci, jikokin sun fitar da shi da safe. Ku ba shi hanya. Ku janye ƙafafunku, ku ba shi hanya.

Kada kowa ya bi shi. Ku zauna, don Allah, kada ku cika taga, Baba bai taɓa son 'yan kallo ba. Ni kaɗai zan leƙa, ni uwa ce, ba zan iya hanuwa ba. Ya isa. Ɗana ya zame daga kan benci ya durƙusa. Hedimasta ya kama kafaɗarsa, ya mayar da shi kan benci. Ya zauna kusa da shi. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Yana goga wa zaren kaki. Mama, irin zaman Baba ya yi, takalmin a tsakanin gwiwoyi.

Fasto, ka yi mini izini in yi addu'ar rufewa da kaina, kuma ku yafe mini, zan ja ta. Hedimasta ya daɗe bai riƙe basilla ba. Kada wanda ya yi saurin cewa amin. Mu rufe ido.

Ya Ubangiji Allah, Uban Yesu Mai Cetonmu, mun gode maka domin bawanka da ka ba mu aro, wanda ya zauna a rana da ruwan sama don mu sami shiga inuwa. Ka karɓe shi, ka zaunar da shi a ciki, a gaba, don ya daɗe a waje. Ka gafarta mana ƙofofin da muka tare da hannunmu da bakinmu da kallonmu. Ka ta'azantar da Mama, ka riƙe 'ya'yansa da jikokinsa ɗaya bayan ɗaya. Ka tuna da waɗanda suke kurkuku yau, da uwayensu da suke yawo da wasiƙu a bakin zane. Ka tuna da duk wanda yake tsaye a wata falwaya yana hangen ƙofa. Kada ka bar bencin nan ya zauna ba kowa, ka tashe mu ɗaya bayan ɗaya mu fita. Ka ƙarfafa hannun da yake ɗinki yanzu, ka san abin da kowane ɗinki yake ci masa. Ka kuma ba wanda ake ɗinka wa ƙarfin ɗaga kai, ya...

Ina jin taku a bakin ƙofa. Mutum biyu ne, kuma duk ƙafafun da takalmi. Idona a rufe yake, Ubangiji, ban leƙa ba. Na layin baya, ku matsa musu.

A cikin sunan Yesu. Yanzu ku ce amin.